Hajiya ta tashi daga jinyar sankarar mama: me ya rage a yi, kuma wace godiya ta dace da asibiti?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta rubuto cewa mahaifiyarta mai shekara 67 ta yi fama da sankarar mama. An yi mata aiki an cire nonon hagu, an yi mata ƙarin ruwan kimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, sau 8, aka kai ta Duwala aka yi mata gashi, wato ƙone sauran cutar da hasken na'ura, kuma a dubawar ƙarshe likita ya ce bai ga sauran alamar cutar ba. An ba ta wata ƙwaya da za ta riƙa sha kullum har shekara 5, amma Hajiya ta ce ta warke, ƙwayar tana sa mata ciwon gwiwa, ba ta ga dalilin ci gaba da sha ko komawa asibiti ba. Abin da ke ranta yanzu shi ne ta yanka rago, ta kuma sa kuɗi a ambulan ta kai wa likitan da ya yi mata aiki. 'Yar tana tambaya ko mahaifiyar tata ta warke ke nan, kuma ta wace hanya ya kamata su gode.

Amsa: 'Yata, kafin komai ina taya ku murna, kuma ina roƙon ki isar mini da gaisuwa wurin Hajiya, ki ce mata barka da arziki, Allah Ya sa kaffara ne. Na shafe fiye da shekara 20 ina aiki a ɗakin tiyata a wannan yanki namu na arewa, saboda haka na san abin da ke ƙunshe cikin 'yan layukan da kika rubuto a taƙaice. Na san hanyar Garwa zuwa Ngaundere da tsohuwa mai ɗinki a ƙirji, da kwanan jirgin ƙasa zuwa Yawunde, da neman ɗakin haya a Duwala na makonni a garin da ba ku da kowa, na kuma san cewa ba a kai ƙarshen irin wannan jinya sai an sayar da saniya ko fili ko gwal ɗin da aka daɗe ana adanawa. Mata da yawa suna zuwa mana ne bayan ƙullutun ya riga ya fashe, wasu kuma suna yankewa a tsakiyar kimiyo saboda kuɗi ya ƙare ko jiki ya gaza. Ku kun fara, kun kuma kai ƙarshe, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Game da tambayarki ta farko, amsar da zan ba ki ita ce wadda nake ba iyalan majinyatana ido da ido: akwai kyakkyawan zato cewa Hajiya ta rabu da cutar, amma maganinta bai ƙare ba tukuna, domin ƙwayar nan da take son dainawa wani sashe ne na maganin, daidai da wuƙar tiyata da ruwan kimiyo. Idan likita ya ce bai ga alamar cuta ba, abin da yake nufi shi ne hannunsa da hoton da ya ɗauka ba su gano komai ba. Hoto kuwa ba ya iya nuna tsiron da bai kai girman ƙwayar dawa ba, alhali ƙwayoyin sankara 'yan ƙalilan suna iya ɓuya a cikin ɓargo ko hanta ko huhu su kwanta shiru shekara da shekaru.

Hajiya ta san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, kuma da shi nake yi wa tsofaffinmu bayani. Manomi yana iya tuge shi kaf daga gonar dawa, gona ta yi fes, amma irinsa yana nan cikin ƙasa, ƙanƙane ne kamar ƙura, kuma yana iya yin shekaru masu yawa bai tsiro ba, sai ranar da ya ji ɗanɗanon abin da saiwar dawa ke fitarwa sannan ya farka. Galibin sankarar mama da ke kama mata masu shekaru haka take. Abin da ke tashin ta shi ne sinadarin mata na jiki da ake kira istirojin, wanda jiki ke ci gaba da samar da kaɗan daga cikinsa a cikin kitse ko bayan al'ada ta ɗauke. Tunda aka rubuta wa Hajiya ƙwayar shekara 5, alama ce cewa binciken naman da aka cire ya nuna tata sankarar irin wannan ce, kuma wannan labari ne mai daɗi, domin ita ce irin da muke da makamin tsare ta a hannu.

Ƙwayar iri biyu ce, kuma sunan yana rubuce a jikin kwali. Ta farko ita ce tamoxifen, wadda ake amfani da ita tun shekarun 1970, ana shan miligiram 20 sau ɗaya a rana, aikinta kuwa shi ne toshe gurbin da sinadarin ke maƙalewa a cikin ƙwayar cutar. Bincike mai faɗi da aka tattara daga dubban mata ya nuna cewa shan ta na shekara 5 yana rage dawowar cutar da kusan rabi a tsawon shekarun shan, yana kuma rage mutuwa daga cutar da kusan kashi 1 cikin 3 a cikin shekara 15. Iri na biyu su ne letrozole da anastrozole, waɗanda ake ba matan da al'ada ta ɗauke musu, su kuma suna hana jiki ƙera sinadarin ne tun daga tushe. Ciwon gwiwa da taurin gaɓoɓi da safe sun fi yawa ga masu shan iri na biyun, shi ya sa nake kyautata zaton ita Hajiya ke sha. Ciwon gaskiya ne, kada ku ce mata raki take yi ko tsufa ne kawai. Abin da ya kamata shi ne ku koma wurin likitanta ku gaya masa, domin yana iya sauya mata wata daga cikin irin, ko ya mayar da ita kan tamoxifen, ko ya haɗa mata da maganin ciwo mai sauƙi, kuma tafiyar ƙafa ta rabin awa da sanyin safiya tana rage wannan ciwo ƙwarai. Abin da nake tsoro shi ne abin da na sha gani: tsohuwa ta daina sha a ɓoye don kada ta ɓata wa 'ya'yanta rai, kwali yana nan cike a ƙarƙashin katifa, sai bayan shekara 2 ko 3 a kawo ta da ciwon baya wanda ba ya jin magani. Ki riƙa ƙirga ƙwayoyin da kanki lokaci lokaci, cikin ladabi, kuma ki haɗa mata shan da wani abin da ba ta mantawa, kamar sallar asuba.

Kowace daga cikin ƙwayoyin tana da abin lura. Mai shan tamoxifen, idan ta ga jini ko ɗigo daga gaba bayan al'ada ta daɗe da ɗaukewa, to ta zo a duba mahaifa ba tare da jinkiri ba, haka nan idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi a sha-raɓa, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, domin ƙwayar tana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini. Mai shan letrozole ko anastrozole kuwa ƙashinta ne ke yin rauni a hankali, don haka tana bukatar kindirmo da madara da ƙananan kifi da zogale, da motsa jiki, da kiyaye santsin bayan gida, domin karayar ƙugu ga mai shekara 67 babbar jinya ce ta daban.

Batun komawa asibiti shi ma bai kamata ya zama abin ja-in-ja ba. Tsarin da aka saba bi shi ne a ga likita duk wata 3 zuwa 6 a shekaru 3 na farko, sannan duk wata 6 zuwa 12 a shekara ta 4 da ta 5, daga nan sau ɗaya a shekara, tare da hoton ɗaya nonon kowace shekara. Wannan dubawa ba ta bukatar komawa Duwala kowane lokaci, mafi yawanta hannu ne da ido da tambaya, kuma ana iya yin ta a nan arewa muddin takardu suna hannu. A kan takardun nan ina so in ja hankalinki sosai. Karnen asibiti, wato littafin da likita ke rubuta bayanin jinya a ciki, da sakamakon binciken nama, da takardar da ke nuna sunayen magungunan kimiyo da yawan gashin da aka yi, ki haɗa su a jaka ɗaya inda gara da ruwan damina ba za su kai ba, ki kuma ɗauki hotonsu a waya. Likitan da zai ga Hajiya nan da shekara 6 wataƙila ba shi ne wanda ya yi mata aiki ba, kuma da waɗannan takardu ne kaɗai zai san abin da ya wuce.

Tsakanin randebu da randebu, wato ranakun da likita ya sa a koma, akwai abubuwan da ba a jira da su. Sabon ƙullutu a kan tabon aiki ko a hammata ko a saman ƙashin wuya ko a ɗaya nonon, ciwon baya ko na ƙugu da ya wuce mako 2 yana hana barci, tari ko haki da ya ƙi tafiya, idanu su yi rawaya kamar shawara, rama ba dalili, ciwon kai mai naci da amai, duk waɗannan a kawo ta a cikin makon. Sau da yawa za a tarar ba sankara ba ce, sanyin ƙashi ne ko wani abu mai sauƙi, amma likita ne zai faɗi haka bayan ya duba.

Hannun hagu yana bukatar kulawa ta musamman. A lokacin aiki yawanci ana cire kaluluwar hammata, wadda ita ce magudanar ruwan hannu, kuma kimanin mace 1 cikin 5 da aka yi wa haka hannunta yana kumbura daga baya, wani lokaci bayan shekaru. Kada a yi mata ƙaho ko tsaga a wannan hannu, kada ta sa awarwaro ko zobe mai matsewa, ta kiyaye ƙuna wajen murhu da yanka wajen gyaran kifi, ta riƙa shafa mai don kada fatar ta tsage a lokacin hunturu. Amfani da hannun kuwa alheri ne, kada a hana ta 'yan aikace-aikacenta. Ta riƙa tsayawa gaban bango tana hawa da yatsunta sama a hankali safe da yamma, don kafaɗar kada ta ƙage. Idan hannun ya yi ja ya yi zafi ga zazzaɓi, wannan ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma a ranar ake neman magani. Ki kuma tuna cewa jan ruwan nan da aka ƙara mata, wanda ke sa fitsari ya yi ja, idan doxorubicin ne, yana iya taɓa zuciya, gashin da aka yi a ɓangaren hagu shi ma kusa da zuciya yake, saboda haka awon hawan jini da na sukari su zama al'ada gare ta. Maganin gargajiya na sha, wanda na san 'yan dubiya suna ta kawowa da kyakkyawar niyya, a nuna wa likita kafin a sha, domin wasu saiwoyi suna wahalar da hanta da ƙoda. Addu'a da sadaka kuwa ba su taɓa cin karo da magani ba.

Yanzu sai batun godiya, wanda na ga shi ne ya fi cika zuciyar Hajiya, kuma ina ganin tana da gaskiya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma a Suratu Ibrahim, aya ta 7, Allah Ya yi alkawarin ƙari ga masu godiya. Kada kowa ya hana ta. Mu ma'aikatan asibiti mutane ne, kuma a sashen da ake jinyar sankara mun fi ganin masu tafiya a kan masu dawowa. Har yau ina tuna wata tsohuwa da na yi wa aiki, wadda ta dawo bayan shekara 4 da jikanta riƙe da hannunta. Ta zauna a kan benci tun safe har layi ya ƙare, ba ta yarda a shigar da ita gaban kowa ba, da ta shigo sai ta kwance bakin zanenta ta ajiye goro 5 a kan tebur, ta zame ɗankwali ta nuna mini furfurar da ta sake tsirowa bayan kimiyo ya kakkaɓe kan, ta ce ta zo ne in gani da idona. Ma'aikaciyar jinyar da ta riƙa wanke mata ciwo tana tsaye a bakin ƙofa, sai da ta juya baya ta share hawaye. A wancan makon mun yi rashin majinyata biyu, kuma zuwan tsohuwar nan ne ya mayar mana da ƙarfin gwiwa.

Ambulan ɗin kuɗi kuwa ina ba da shawarar a bar shi, duk da na san da zuciya ɗaya aka yi niyya. Likitan kirki zai ji nauyi, ya rasa yadda zai ƙi ba tare da ya kunyata dattijuwa ba, masu jira a waje kuma idan suka gani za su ɗauka sai da ambulan ake samun kulawa, talaka ya ƙara jin tsoron zuwa. Bayan haka, hannun da ya riƙe wuƙa ɗaya ne daga cikin hannaye masu yawa. Akwai wanda ya sa ta barci ya kuma tsare numfashinta har aka gama, akwai wanda ya zauna gaban madubin bincike ya karanta naman ya gano irin sankarar, mutumin da Hajiya ba ta taɓa gani ba alhali da rubutunsa aka zaɓi ƙwayar da take sha. Akwai mai aikin dare da ta nemo jijiya a hannun da kimiyo ya ƙone, da mai shara da ta kwashe amai ba ta yamutsa fuska ba, da wanda ya ba da jininsa. Godiyar da ta tsaya a kan mutum ɗaya ta bar waɗannan duka a baya.

Ragon a yanka shi, a yi sadaka. Idan kuna son rabonsa ya kai asibiti, ku fara zuwa wurin majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen, ku tambaye shi ranar da ta dace da yadda za a raba, domin akwai majinyatan da aka hana ci saboda za a shiga da su aiki, akwai kuma waɗanda kimiyo ya raunana garkuwar jikinsu, ba kowane abinci ya dace da su ba. Waɗanda suka fi bukatar tuwon nan su ne masu zaman jinya, matan da ke kwana a kan tabarma a gindin darbejiya, sun zo daga ƙauye guzuri ya ƙare. Ke kin zauna a cikinsu, kin san su. Kuɗin da aka yi niyyar sa wa a ambulan kuma, majo zai gaya muku abin da sashen ya rasa, ko fanka ce saboda zafin watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Garwa, ko gidan sauro, ko bokitai, ko kuma wata majinyaciya da takardar maganinta ta kwana uku a hannu ba a saya ba. Ku haɗa da wasiƙa, da Hausa ko da Faransanci, ku ambaci sunayen waɗanda kuka riƙe, ku kai kwafi ofishin shugaban asibitin. Ana yawan rubuto ƙorafi, ba a cika rubuto yabo ba, kuma irin wannan takarda tana daɗewa manne a bangon ɗakin ma'aikata.

Akwai kyautar da ta fi rago tsada a wurinmu, ita ce jini. Kin san yadda ake cewa iyali su kawo masu bayarwa kafin a shiga aiki, kin kuma ga waɗanda aka ɗage musu aiki saboda ba su da kowa. Hajiya ba za ta bayar ba, amma 'ya'yanta da jikokinta masu lafiya, daga shekara 18 zuwa sama, masu nauyin kilo 50 ko fiye, suna iya zuwa tare a rana ɗaya su bayar da sunan godiya, ba tare da sun san wanda zai samu ba. Namiji yana iya maimaitawa bayan wata 3, mace bayan wata 4.

Sai kuma abin da Hajiya kaɗai ke iya yi, wanda ni da takarduna ba zan iya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama, 670,000 kuma suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da mata 9 cikin 10 suna raye bayan shekara 5 da gano cutar, a nahiyarmu adadin ya yi ƙasa da haka nesa, kuma babban dalili shi ne zuwa a makare da yankewa a tsakiya. Shi ya sa shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya sa burin a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun cutar tana matakin farko ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen magani. A unguwanninmu abin da ke hana mace zuwa shi ne maganar da ta ji tun tana yarinya, cewa ciwon daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da wuƙa sai ya bazu. Dalilin da ya sa maganar ta kama shi ne yawancin waɗanda aka yi wa aiki sun zo ne bayan cutar ta riga ta bazu, da suka rasu sai aka ɗora wa wuƙa laifi. Idan na musanta wannan a ɗakin duba marasa lafiya, ana cewa ai likita ne, dole ya faɗi haka. Amma idan Hajiya ta zauna a gidan suna ko a makarantar Islamiyya ta ce ni an cire mini, ga ni ina cin tuwo ina goyon jikoki, matar da ke ɓoye ƙullutu a ƙarƙashin mayafi wata 6 za ta biyo ta har gida ta tambaye ta a asirce. Ba dole ba ne ta tona abin da take jin kunyarsa, ita ce mai iko da labarinta, amma idan ta yarda ta zama mai raka irin waɗannan mata zuwa asibiti, ba na jin akwai ladan da za ta ba likitanta da ya kai wannan.

Ke ma da 'yan'uwanki mata kuna cikin lissafi. Sankara ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare ko ta haɗa kwano ko shimfiɗa, kuma wadda ake gada kai tsaye ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, amma 'yar wadda ta yi cutar haɗarinta ya fi na sauran mata. Ku san yanayin nononku, ku riƙa zuwa a duba ku, daga shekara 40 kuma ku nemi a yi muku hoto.

Ki lura da zuciyarta kuma. Wasu tsofaffin suna ƙin komawa asibiti ne saboda warin wurin kaɗai yana tayar musu da tashin zuciyar kimiyo, ko saboda tsoron kada a sake gano wani abu, sai su ce sun warke don a rufe maganar. Kada ki yi mata gardama a kan kalmar warkewa. Ki ce mata likitan da take son gode wa ya fi son ganin ta da ƙafarta a ranar da ya rubuta mata, ki haɗa ziyarar godiyar da ranar randebu, ta sa kayanta masu kyau, a je da jikoki, a fara da dubawa sannan a bi ɗaki ɗaki a yi gaisuwa. Idan azumi ya zo kuma likitanta ya ga ƙarfinta ya dawo, tana iya yi, tunda ƙwayar sau ɗaya ake sha a rana, sai a mayar da ita bayan buɗa-baki ko lokacin sahur, ta kuma sha ruwa sosai da dare. Kwalin ƙwayar ku tafi da shi ranar, ku nuna wa likita, ku gaya masa tun yaushe gwiwar ta fara ciwo da kuma ko akwai kwanakin da aka tsallake.